Cinikin Biri a Sama: Abin da Na Koya Game da Masu Sharhin Kayan Jita

Duk wanda yake kwana a layin ɗakinmu ya san ni da jita, wasu ma na san sun gaji da ni, haƙuri kawai suke yi. A zangon karatun da ya wuce na tafka wata wauta da ta lashe kuɗin da na tara tsawon wata huɗu ina SIWES, kuma ita ce silar wannan rubutu.

Wani Bature na gani a YouTube yana gwada wata feda, wato ƙaramin akwatin nan da mai jita yake takawa da ƙafa don ya sauya sautin jitarsa. Sautin da ya fito a bidiyon ya tsaya min a rai, na kalle shi ya fi sau goma. Ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗi Legas, aka sako min ita a mota. Ranar da ta iso ko lakca ban je ba. Na jona ta da 'yar amfilifayata, na taka, sai ga wani sauti kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Abokin ɗakina ya ɗago kai daga kan katifa ya ce, "Mutumina, wannan ce ta wata huɗun?"

Abin da ya ɗaure min kai shi ne fedar ba jabu ba ce, kuma lafiyarta ƙalau. Da na koma na sake kallon bidiyon, ban kama mutumin da ƙarya ko ɗaya ba. To ina matsalar take? Neman amsar ne ya sa na zauna na bi diddigin yadda wannan sana'a take tafiya.

Wa ke biyan mai sharhi?

Mu da muka tashi muna zuwa kasuwa mun san dillali. Yakan san kaya fiye da mai saye, wani lokaci ma fiye da mai sayarwa, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Yawancin manyan masu sharhin kayan jita, waɗanda galibinsu a Amurka da Ingila da Jamus suke, a wannan matsayi suke zaune, ko da ba su kira kansu da sunan ba.

Kuɗinsu ta hanyoyi da dama yake shigowa. Akwai kamfanin da zai aiko da kaya kyauta ko aro. Akwai wanda zai biya kuɗi a yi masa bidiyon gwaji. Akwai kuma adireshin nan da suke sakawa a ƙarƙashin bidiyo, wanda idan ka latsa ka sayi kayan a manyan shaguna irin su Thomann na Jamus ko Sweetwater na Amurka, mai bidiyon zai samu kasonsa. Wasu tashoshin ma na shagunan ne kai tsaye. Andertons, ɗaya daga cikin tashoshin jita da aka fi kallo, shagon sayar da kayan kiɗa ne a garin Guildford na Ingila, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Amma abin da ya fi kuɗin hannu ƙarfi shi ne samun kaya da wuri. Ku lura, ranar da sabon kaya ya fito, sai ka ga bidiyo goma sha sun sauka kusan a sa'a ɗaya. Ba haɗuwa ba ce. Kamfani ne ya aika musu da kayan tun makonni kafin nan, da sharaɗin kada kowa ya saki bidiyonsa sai ranar da aka tsayar. Wanda ya samu shiga wannan sahu shi ke kwashe masu kallo. Wanda ya kushe kayan kuwa, ba sai an yi masa faɗa ba, gobe kawai ba za a aiko masa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa da yawansu suke cewa idan kaya bai yi musu ba, mayar da shi suke yi ba tare da sun yi bidiyo ba. Suna ganin hakan adalci ne, amma mu masu kallo sakamakonsa a wurinmu shi ne yabo kaɗai muke gani.

Hukumomi sun san da wannan. A Amurka, hukumar FTC mai kula da harkokin ciniki ta wajabta wa duk mai yabon kaya ya bayyana alaƙarsa da kamfanin, ko da kyautar kayan kawai aka ba shi, kuma ta sabunta ƙa'idojin a 2023. YouTube ma yana da alamar da ke fitowa a farkon bidiyo idan an biya kuɗin talla. Sai dai alamar tana gaya maka an biya ne kawai, ba ta gaya maka abin da aka yi shiru a kansa ba.

Abin da kunnenka yake ji

Nan ne karatunmu na lantarki ya yi min rana. Sautin da kake ji a bidiyo ba na feda ba ne ita kaɗai. Ya faro daga yatsun mai kaɗawa, ya bi ta tsirkiya da maganaɗisun da ke ɗaukar motsinta, ya shiga feda, ya wuce amfilifaya, ya fita ta sifika, makirufo ya ɗauka, aka gyara shi a kwamfuta, YouTube ya matse shi, sannan ya iso wayarka. Fedar da ake tallatawa mataki ɗaya ce cikin kusan goma. Mai bidiyon da ya rinjaye ni, amfilifayar da ya jona fedar a ciki ta ninka kuɗin fedar sau da yawa. Tawa kuwa sifikarta ba ta fi tafin hannu ba.

Ko makirufo kaɗai ya isa ya canza labari. Idan ka matsar da shi inci biyu daga tsakiyar sifika zuwa gefe, sautin zai tashi daga mai kaifi ya koma mai taushi, ba tare da an taɓa komai ba. Sannan akwai batun ƙara. Tun 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa yadda kunnen ɗan Adam yake jin sauti mai kauri da mai kaifi yana sauyawa gwargwadon ƙarfin sautin. Shi ya sa idan aka kunna maka abu biyu, wanda ya ɗan fi ƙara sai ka ji kamar ya fi cika. Feda kuwa da an taka ta, sau da yawa ƙara take ƙarawa. Idan mai gwaji bai daidaita ƙarar ba, abin da kake yabo ƙara ce kawai.

Mu kuma a ina muke sauraro? A sifikar waya, cikin hayaniyar hostel. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, kuma sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri haka yadda ya kamata. Ka ga ke nan hukunci muke yankewa a kan abin da ba mu ji rabinsa ba.

Sunan kaya yana shiga kunne

Akwai wata feda mai suna Klon Centaur da wani Ba'amurke, Bill Finnegan, ya fara sayarwa a 1994. Da hannu yake haɗa ta, guda dubu takwas ko kusa da haka ya yi gaba ɗaya, kuma yakan shafe kayan cikinta da baƙin danƙo don kada a kwaikwaya. Da ya daina yin ta, farashin tsofaffinta ya kai dubban daloli, 'yan jita suka riƙa ba da labarinta kamar wani laƙani.

A watan Maris na 2023, Josh Scott, mai kamfanin feda na JHS, ya yi bidiyo yana gwada wata tsohuwar feda mai araha ta DigiTech da manyan fedoji masu tsada, har da Klon ɗin. Sunanta Bad Monkey, wato mugun biri. Da ya daidaita su, da ƙyar kake bambance su. Darasin da yake son nunawa shi ne ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Kun san abin da ya faru? Cikin 'yan kwanaki fedar da ake samu a kusan dala 50 ta koma ana neman ɗaruruwan daloli a kanta. Mutane sun ji darasin, suka bar shi a nan, suka ruga sayen birin. Bidiyo ɗaya ya motsa kasuwa, kuma a wannan karon ma mai bidiyon gaskiya ya faɗa.

Ba 'yan jita kaɗai abin ya shafa ba. A 2010, a birnin Indiyanafolis na Amurka, Claudia Fritz da abokan aikinta suka ba ƙwararrun masu goge irin na Turawa su 21 goge shida su gwada, uku sababbi, uku tsofaffi na Italiya masu tsadar gaske, biyu daga ciki ƙirar Stradivari. An rage hasken ɗakin, an sa musu tabarau mai duhu don kada su gane wanne ne wanne. Yawancinsu sabon goge suka zaɓa, kuma wanda aka fi ƙi ɗaya ne daga cikin na Stradivari. Idan ƙwararru suna buƙatar a rufe musu ido kafin kunnensu ya yi adalci, ina ga mai sharhin da aka aiko wa kaya kyauta, yana kallon tambarin kamfani yana kaɗawa?

Shi ya sa nake girmama masu gwaji irin Jim Lill, wani makaɗi a Nashbil. A 2022 ya ɗauki tsohuwar gardamar nan ta ko irin katakon jitar lantarki yana sauya sautinta, ya riƙa canza abu ɗaya yana barin saura yadda suke, har ya kai ga miƙe tsirkiyoyi a sarari, babu gangar jitar gaba ɗaya. Sautin ya fito kusa ƙwarai da na jitar gaske. Akwai waɗanda har yau ba su yarda da shi ba, amma ya nuna yadda ya yi, kowa zai iya maimaitawa. Irin abin da ake koya mana ke nan a ɗakin gwaji.

Abin da ba su sani ba game da mu

Ko mai sharhin da ya fi kowa gaskiya, ba don mu yake magana ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka amfilifayar da aka yi wa kasuwarsu kana jona ta kai tsaye za ta ƙone. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsarin bakin wayarsu kishiyar na adaftocin da muka saba da su ne, in ka yi kuskure ka yi asara. Bai san ƙugin da janareto da wayarin marar as suke sa wa jita ba. Bai san hunturu ba, lokacin da katakon wuyan jita yake bushewa ya tsuke har bakin ƙarafunan ya fito yana karce maka hannu. Sannan shi idan kaya bai yi masa ba mayarwa zai yi, Thomann ma kwana 30 yake bayarwa. Kai kuwa da direba ya miƙo maka kwali a tasha, magana ta ƙare.

Yadda nake kallo yanzu

Ban daina kallonsu ba, don a wurinsu na koyi rabin abin da na sani. Amma yanzu kafin in saurari sauti, sai na duba ƙarƙashin bidiyo in ga wa ya ba da kayan. Ina duba tsofaffin bidiyoyin mutum in ga ko ya taɓa cewa wani abu bai yi ba, domin wanda komai a wurinsa madalla ne, madallarsa ba ta da farashi. Ina lura da amfilifayar da ya yi amfani da ita. Na fi neman bidiyon wanda ya sayi kayan da kuɗinsa ya yi shekara yana amfani da shi, ko da kyamararsa ba ta da kyau. Kuma ina sa abin sauraro a kunne, in kife wayar, in ji ba tare da na gani ba. Wannan duk ya shafi mai shirin sayen waya ko laftof ma, don tsarin la'adar iri ɗaya ne.

Ina kuma tuna Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake kaɗa jita a manyan dandamali a Turai da Amurka. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar burkin keke a matsayin tsirkiya, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Babu mai sharhin da zai ba wannan jita maki ko ɗaya.

Fedar tawa dai daga baya na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran amfilifaya a Sabon Gari. Ya jona ta a wata babbar amfilifaya ta masu biki, ya ce in kaɗa. Wallahi sai ga sautin bidiyon nan, ko kusa da shi. Ya karɓi jitar ya shafa tsirkiyoyin, ya dubi tsatsar da ta fito a yatsansa, ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da canza waɗannan?" Na ce, "Baba, an kwana biyu." Ya ce, "To da kuɗin ka fara da su."

Fedar tana nan a ƙarƙashin gadona. Duk wanda yake shirin sayen irinta, ya zo da jitarsa da amfilifayarsa ya gwada tukuna, bayan la'asar ina ɗaki.