Dokar kare dazuzzuka a Madina: Ina makomar mai awaki biyar?

Duk wanda ya daɗe a cikinmu a Madina ya san al'adar lokacin sanyi. Ranar hutu a kan cika mota da iyali a nufi Baida, arewa maso yammacin gari, a shimfiɗa darduma a gindin bishiyar samur, 'yar uwar bagaruwarmu ta gida, a hura wuta a ɗora shayi. A da, itacen wutar a nan ake karyo shi, babu mai cewa uffan. To, yau wanda ya yi haka zai koma gida da takardar tara.

A shekarar 2018 Sarki Salman ya kafa majalisar kula da gandayen daji na masarauta a ƙarƙashin Yarima Muhammad bin Salman. A 2020 aka fitar da sabuwar dokar muhalli, wadda hukuncinta mafi tsanani ya kai ɗaurin shekara 10 da tarar Riyal miliyan 30. Akwai kuma runduna ta musamman mai sintiri a jeji. Ɗaukar itace ko gawayin da aka yi da bishiyar ƙasar nan na iya jawo tarar Riyal 16,000 a kan lodin da bai wuce mita ɗaya ba a tsawo da faɗi da tsayi. Hura wuta a inda ba a ware ba tararsa na kaiwa Riyal 3,000, kiwo a inda aka hana kuwa Riyal 500 ne kan kowane raƙumi.

A cikin lardin Madina, inda aikin ya fi fitowa fili shi ne Al-Ula, mai nisan fiye da kilomita 300 arewa da birnin. A 2019 aka killace gandun Sharaan mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, aka fitar da dabbobin kiwo, aka saki barewa da mariri da jimina, da fatan wata rana damisar Larabawa ta dawo. Gwamnati ta ce tana son kashi 30 cikin 100 na ƙasar ya shiga kariya nan da 2030.

Masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce aka kwaso sun manta tarihin garin da suke zaune. Manzon Allah (SAW) ya haramta sare bishiya da farauta a Madina tsakanin duwatsun Airu da Sauru, sannan ya keɓe Naƙi'u a kudancin gari domin dawakan Musulmi. Irin wannan fili shi Larabawa ke kira hima. Mu ma muna da shi a gida: hurumin bayan ganuwa da burtalin shanu, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukuncinsa a littafinsa Ta'alimur Radi. Himomin ƙabilu sun fara mutuwa ne bayan umurnin 1953 da ya buɗe wuraren kiwo ga kowa. Da manyan motoci suka zo, mai kuɗi ya riƙa kai ruwa da sha'ir har tsakiyar jeji, garke ya daina tashi daga wuri sai ya cinye shi ƙurmus. Don haka ba mu ga laifin dokar ba. Ai wanda ya ga yadda dajin Rugu da na Kamuku suka koma mafakar 'yan bindiga bayan an yi sakaci da su, ba zai raina gandun da ke da mai tsaro ba.

Abin da ke damunmu shi ne wanda nauyin ya fi faɗa wa. Lokacin da Sayyidina Umar ya keɓe hima a Rabaza, gabas da Madina, ya umurci mai gadinsa Hunayyu da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, attajiri in dabbobinsa sun mutu yana da gonar dabino, talaka kuwa sai dai ya zo ƙofar Halifa da 'ya'yansa. Tarar yau ba ta tambayar girman garke. Riyal 500 a wurin mai raƙuma ɗari uku kuɗin cefane ne, a wurin tsohon da ke da biyar kuwa abincin wata ne. Yaron da ake ba jiran dabbobi, wanda sau da yawa baƙo ne ɗan Sudan ko wata ƙasar Afirka, shi jami'ai ke tararwa a jeji, ba maigidansa ba. Ga mai zama da iƙama kuwa, shiga hannun hukuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Itace da gawayin da aka shigo da su daga waje dai doka ba ta hana ba, kuma suna nan a kasuwa. Kafin mu ɗora buhu a bayan mota bana, mu tambayi mai shago daga ina ya fito, mu kuma karɓi rasit.