Masu Zanen Jarida Tsakanin Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu

A shekarun da suka shiga tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 da ɓarkewar na Biyu a 1939, sa'ad da talakan Hawandawaki da sauran ƙasar Tasawa yake fama da harajin Nasara da aikin tilas, wata sana'a ta bunƙasa a jaridun Amurka da Turai wadda, ko da yake labarinta bai iso kunnensa ba, ta sa hannu ƙwarai cikin yadda duniya ta riƙa kallon baƙar fata irinsa. Sana'ar kuwa ita ce ba da hikaya da zane: a jera hotuna uku ko huɗu a gindin shafi, a rubuta maganar kowa cikin da'irar da ke fitowa daga bakinsa, sa'an nan a katse labarin daidai inda ya fi daɗi, domin mai karatu ya sake sayen jarida kashegari.

Abin da ya yaɗa ta shi ne dillanci, domin kamfanoni irin su King Features na attajirin jarida William Randolph Hearst suna ɗaukar mai zane aiki, su sayar da zanensa guda ga ɗaruruwan jaridu a lokaci ɗaya. Watan Janairu na 1929 kaɗai ya isa hujja a kan ƙarfin wannan zamani: a cikinsa ne Hal Foster ya fara zana Tarzan, Elzie Segar ya fito da Popeye, a birnin Burusal kuma wani saurayi mai suna Georges Remi, wanda aka fi sani da Hergé, ya ƙago Tintin a jaridar yara ta Le Petit Vingtième. A Faransa, wadda ke mulkin Nijar a lokacin, Alain Saint-Ogan ya riga ya fara Zig et Puce tun 1925, kuma a 1934 Paul Winkler ya kafa Le Journal de Mickey.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Daga 1930 zuwa 1931 Hergé ya kai Tintin Kwango, wadda Beljiyam ke mulka a lokacin, bisa umarnin shugaban jaridarsa, wani limamin Katolika mai suna Norbert Wallez, alhali shi mai zanen bai taɓa taka ƙasar ba. Sai ya siffanta mutanenta da kauraran leɓuna da gurguwar Faransanci, manya masu hankalin yara, har aka ga Tintin a aji yana karantar da 'ya'yansu cewa Beljiyam ce ƙasarsu ta gado. A bugun 1946 an mayar da darasin na lissafi, amma surar mutanen ba ta sake ba. A ganina wannan zalunci ne da ya fi na baki illa, saboda yaron da ya buɗe ido da irin wannan sura yakan haddace ta tun kafin ya mallaki hankalin tuhumarta, kuma daga cikin irin waɗannan yara ne ake samun wanda zai girma a turo shi mulki a Afirka.

Duk da haka adalci bai yarda a yi wa sana'ar kuɗin goro ba. David Low, mutumin Niyu Zilan da ya shiga jaridar Evening Standard ta Landan a 1927, ya dage yana tona asirin Hitila da Musolini da alƙalaminsa, a daidai lokacin da manyan Ingila ke lallashinsu, har a 1937 Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ya kai ƙararsa wurin Lord Halifax, ɗaya daga cikin manyan Ingilan. Wanda ya san yadda sarakunanmu ke shakkar zambon mawaƙi ba zai yi mamakin wannan ƙara ba.

Mene ne kuwa ya hana sana'ar saurin kama ƙasa a wurinmu? Ba rashin gwanintar hannu ba ne, domin wanda ya ga zayyanar allon sauka, ko zanen ƙwarya, ko adon bangon soro a Damagaram, ya san akwai masu fasaha. Sai dai fasahar tamu ta karkata ga layi da kusurwa, ta kauce wa surar mai rai, kodayake fuƙaha'un Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wadda suka haramta, da ta kan takarda, wadda hukuncinta ya fi sauƙi. Babban dalili, a fahimtata, shi ne rashin jarida. Lakwal ɗin Faransa da Faransanci kaɗai take karantarwa, malamai kuma da hannu suke kwafe littattafansu na Larabci da ajami, saboda haka mai zane, ko da ya samu, ba shi da shafin da zai baje hajarsa.

Ta kudu ne ƙofa ta fara buɗewa. A Zariya, Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga 1937, da hotunan zane a tsakanin hikayoyinsa, kuma a Janairun 1939, watanni kaɗan kafin yaƙi, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta. A Ikko kuwa Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, kuma a shafukanta ne, daga 1944, Akinola Lasekan, mai sa hannu da laƙabin Lash, ya shiga zana mai mulkin mallaka kamar yadda wanda ake mulka yake ganinsa.