Tsibiran da Aka Bar wa Tsuntsaye

Manomin Funtuwa ko Malumfashi da jan baki ya taɓa sauka a gonarsa ta dawa zai yi mamakin jin cewa akwai ƙasashen da ke kashe maƙudan kuɗi don kada wani tsuntsu ya ƙare. Akwai su kuwa, kuma galibi a tsibirai ake wannan aiki, domin ɓera da kyanwa ba sa ƙetare teku sai an kai su.

A Niyu Zilan akwai wani aku mai suna kakapo. Ba ya tashi sama, da dare yake kiwo, namijin na iya kaiwa kilo 4. A 1995 guda 51 kacal suka rage a duniya. Aka killace su a tsibirai irin su Whenua Hou, aka raɗa wa kowanne suna, aka ɗaura masa na'urar bin sawu. Ga shi ba ya hayayyafa sai shekarar da itacen rimu ya yi 'ya'ya sosai, wato bayan shekara biyu zuwa huɗu. Duk da haka yanzu sun haura 200.

Labarin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na wani ɗan baƙin tsuntsu na tsibiran Chatham. A 1980 saura biyar, kuma mace ɗaya ce ƙwanta ke ƙyanƙyashewa. Sai masu kula da su suka riƙa ɗauke ƙwan suna saka wa wata tsuntsuwa daban ta kwanta a kai, kamar yadda matanmu ke saka wa kaza ƙwan zabo, ita kuwa uwar ta sake zuba wasu. Duk wanda ke raye a cikinsu yau daga tsatson wannan tsohuwa ya fito.

Tsibirin Cousin na ƙasar Seshel gonar kwakwa ne a da. A 1968 aka saye shi sukutum saboda wani ɗan tsuntsu da bai kai 30 ba. Aka bar daji ya dawo, yau tsuntsayen dubbai ne.

Aikin ba kullum yake tafiya daidai ba. A tsibirin Macquarie na Ostireliya an gama da kyanwoyi a 2000, sai zomaye suka samu sake, suka cinye ciyawa har gangaren tsaunuka suka fara zaftarewa. Sai 2014 aka tabbatar an rabu da su. A tsibirin Jojiya ta Kudu kuwa da jirage masu saukar ungulu aka watsa maganin ɓera, karnuka suka bi suna sansana, kafin a tabbatar a 2018 cewa ko ɗaya bai saura ba.

Mu nan arewa ba mu da teku, amma muna da Dagona a ƙasar Bade, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa daga Turai ke zuwa su ci hunturu. Yarima Filip na Ingila ya je ganinsu a 1989.

Muna kuma da shamuwa, wadda babu dokar da ta tsare ta kamar al'ada. Daga kudancin Afirka take dawowa gab da damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ko yaro mai danƙo ya san ba a harbinta.

Gauraka bai samu wannan gata ba, an yi ta kama shi ana kaiwa gidajen masu hali har ya yi wuyar gani a daji. Ungulu ma haka. Da ba a raba ta da mahauta, yanzu kawunanta ake nema don tsibbu, kuma tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.