Yadda ake tsince tarkace daga siffofin 3D na kayan tarihin da aka rusa

A watan Fabrairun 2015 ƙungiyar IS ta fitar da bidiyon mayaƙanta suna farfasa sassaƙe-sassaƙe a gidan adana kayan tarihi na Mosul da ke Iraƙi. Makonni kaɗan bayan haka wasu masu bincike biyu, Matthew Vincent da Chance Coughenour, suka kafa shirin Project Mosul, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Rekrei. Sun roƙi duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton kayayyakin da ya turo, domin a sake gina siffarsu a kwamfuta.

Fasahar da suka dogara da ita sunanta fotogirametiri. Manhaja ce ke duba hotuna masu yawa na abu ɗaya, ta nemo wuraren da suka yi daidai a cikinsu, sannan ta lissafa matsayin kowane wuri. Abin da ke fitowa shi ne tarin ɗigo-ɗigo, wani lokacin miliyoyi, waɗanda suka haɗu suka ba da siffar abin.

Sai dai ba kowane ɗigo ba ne na gaskiya. Wasu kan yi ta yawo a sarari kamar ƙura, wasu su yi ƙuraje a jikin bango mai santsi, wani wurin kuma a tarar da rami.

Daga ina tarkacen ke fitowa?

Galibi daga hotunan ne. Manhajar na buƙatar ganin wuri ɗaya a hotuna uku ko fiye kafin lissafinta ya yi ƙarfi. Shi ya sa masu aikin ke so kowane hoto ya maimaita kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Hotunan masu yawon buɗe ido ba haka suke ba: kowa ya ɗauki fuskar sassaƙen, da wuya a samu wanda ya ɗauki bayansa.

Hoton da hannu ya girgiza, ko wanda aka ɗauka cikin duhu, yakan rikita lissafin. Haka ma gilashi da ruwa da kwanon rufi mai ƙyalli, domin walƙiyarsu na sauya wuri daga hoto zuwa hoto. Farin bango marar alama ba ya bai wa manhajar abin kamawa. Sararin sama da ganyen bishiya da mutanen da ke giftawa su ma kan bar ɗigo na ƙarya.

Masu safiyo da jirgi marar matuƙi na da tasu matsalar. Idan duk hotunan an ɗauke su ne kyamara na kallon ƙasa kai tsaye, fili shimfiɗaɗɗe kan fito a lanƙwashe kamar ƙwarya, saboda kuskure wajen auna idon kyamarar. Maganinsa shi ne a haɗa da hotunan da aka ɗauka a karkace, a kuma kafa alamomi a ƙasa waɗanda aka san matsayinsu daidai.

Matakan gyara

Ana farawa da cire hotunan da suka yi dishi-dishi. Daga nan a rufe sama da gilashi da mutane a cikin sauran, don kada manhajar ta lissafa su. Manhajar Metashape na ba da damar zubar da ɗigon da hotuna kaɗan ne suka tabbatar da shi. CloudCompare, wadda kyauta ce, na da matatar da ke auna tazarar kowane ɗigo da maƙwabtansa, ta kawar da wanda ya yi nisa fiye da kima.

Amma idan aka matse matatar sosai, takan haɗa da gefen kunne ko siririn rubutun da aka sassaƙa, domin su ma ɗigonsu ba shi da yawa. Idan kuma aka bar manhaja ta cike rami da kanta, abin da ta cike hasashe ne, ba shaida ba. Don haka ƙwararru kan ajiye kwafin asali kafin su taɓa komai, su kuma nuna inda aka cike.

Mai ɗaukar ginin da ke tsaye yana iya komawa gobe da safe ya ƙaro hotuna. Masu aikin Mosul ba su da wannan damar, sai abin da ya rage a kyamarorin baƙin da suka taɓa ziyartar gidan.