Dala miliyan 20.5 a Amurka, naira 20,000 a Gadau: wa wasa ke ɗaukar nauyin karatunsa?

A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya a Amurka ta amince da sulhun da ya bai wa kowace babbar jami'a damar raba wa 'yan wasanta kuɗi har dala miliyan 20.5 a shekarar karatu ta 2025/2026. Akwai kuma diyyar kusan dala biliyan 2.8 da za a biya 'yan wasan baya cikin shekara 10. Labari irin wannan ne ke sa saurayi mai ƙafa a Azare ya fara mafarkin jirgi.

A duba rabon tukuna. Tsarin da yawancin manyan jami'o'in suka bi shi ne kashi 75 cikin 100 ga ƙwallon Amurka, irin ta zari-ruga, 15 ga ƙwallon kwando ta maza, 5 ga ta mata. Saura 5, wato dala miliyan ɗaya da 'yan kai, shi ne na sauran wasanni duka, har da tamaula da tsere. Abin da yaranmu suka iya, nan ne kason ya fi ƙanƙanta.

Tallafin karatu ma haka yake. NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta taɓa cewa ana kashe sama da dala biliyan 3.6 a shekara kan ɗalibai fiye da 180,000. In an raba daidai, kowa dala 20,000. Amma ba a raba daidai. Kafin sulhun, ƙungiyar ƙwallon Amurka a rukunin sama tana da cikakken tallafi 85, ta tamaular maza kuwa 9.9 kacal, a gutsuttsura wa 'yan wasa kusan 30. Ko a cikin Amurka, kusan 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samu.

Duk da haka 'yan Najeriya sun shiga, kuma da dama daga cikin waɗanda suka yi suna a baya-bayan nan ta ƙofar tsere suka bi: Blessing Okagbare daga Sapele, Divine Oduduru daga Ughelli, sai Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode, wadda ta tafi jami'ar UTEP a 2016, ta kafa tarihin duniya na tseren tsallake shinge da daƙiƙa 12.12 a 2022. Dalilin ba boyayye ba ne. Ɗan ƙwallo sai an zo an gan shi. Mai gudu lambarsa ke yi masa magana daga nesa, muddin an auna ta a gasar da aka yarda da ita.

A Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, kamar sauran jami'o'in gwamnati, kuɗin da ɗalibi ya fi sa rai da shi daga Abuja shi ne na NELFUND, asusun lamunin ɗalibai, naira 20,000 a wata, 240,000 ke nan in an biya wata 12. Bashi ne, kuma bai san mai gudu da mai rarrafe ba. Gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya tun 1966 ake yin ta, amma lambar yabo take bayarwa, ba kuɗin makaranta ba.

A ganina gibin ƙasar Katagum, yankin Azare da Gadau, na awo ne kafin na dala. Hukumomin Gadau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare su haɗa kai su riƙa shirya gasar tsere duk shekara, da alƙalai masu rajista da agogon lantarki, su kuma yafe wa zakarun kuɗin rajista.