Kula da Aksul na Gaba a Motocin A-kori-kura Masu Giyar Taimako

A yawancin ƙananan hukumomi, motar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ce ke kai allurar rigakafi da takin zamani da ma'aikatan gona ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba. Idan aksul ɗinta na gaba ya lalace a tsakiyar damina, aikin yakan tsaya har sai an samo kayan gyara daga birni. Saboda haka ake jan hankalin direbobi da jami'an kula da motoci ga abubuwan da ke tafe.

Aksul na gaba iri biyu ne. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, tana da aksul mai ƙarfe guda daga ƙafa zuwa ƙafa. Hilux kuwa, irin wadda ta fito daga 2005 zuwa yau, kowace ƙafa shaf ɗinta daban, kuma an rufe gaɓoɓinsa da roba mai cike da giris.

Babban abin da ke kashe aksul shi ne ruwa. Idan mota ta yi tafiya ta yi zafi sannan ta faɗa rafi, ƙarfen yakan huce nan take, sai ya zuƙo ruwa ta 'yar ƙofar shaƙar iska da ke saman aksul ɗin, ko ta robar da ke tare mai. Wajibi ne bayan ƙetare ruwa mai zurfi a kwance notin zuba mai a duba. Man giya mai kyau garau yake. In ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a juye shi ba tare da jinkiri ba. A zuba irin wanda littafin motar ya ambata, mai lambar GL-5. Baƙin man inji ba ya maye gurbinsa, ko da mai sayarwa ya rantse.

Na biyu shi ne barin taimako a kan kwalta. Waɗannan motoci an yi su ne domin a sa taimako a yashi ko taɓo, inda taya ke iya sulɓewa. A busasshiyar kwalta ƙafafun gaba da na baya sukan yi ta ja-in-ja a kowace kwana, sitiyari ya yi nauyi, haƙoran giya su ci juna. Da an hau titi a cire shi, kuma a motar da ke da makulli a cibiyar ƙafa a mayar da shi daga LOCK zuwa FREE. Amma kada a yi watsi da shi duk rani: Toyota ta ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da shi kowane wata domin mai ya zagaya, kuma hanyar burji ta fi dacewa da hakan.

Kunne ma yana da nasa aiki. Ƙarar ƙas-ƙas lokacin shan kwana alama ce ta gaɓar shaf ta cinye, galibi saboda robarta ta yage yashi ya shiga. Sauya robar da wuri ya fi sayen shaf sauƙi nesa ba kusa ba. Gurnani mai ƙaruwa da gudun mota kuwa yawanci boris ne. A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, a kai motar wurin bakanike kafin a sake yi mata lodi.