Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Sarrafa Yunwa Da Ƙoshi

Ana sanar da jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga cewa ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin yunwa da ƙoshi. Idan ciki ba abinci, yakan saki sinadarin girelin mai tada yunwa. Kitsen jiki kuwa yana aika leptin, wanda masana suka gano a 1994, domin shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai tanadi. Mai ƙiba yana da leptin da yawa, sai dai ƙwaƙwalwarsa ba ta jin saƙon sosai; don haka ɗora laifin kan haɗama kaɗai rashin adalci ne.

Kifin tafkin Kainji da wake suna riƙe ciki. Lemon kwalba kuwa ba ya ƙosarwa, yana ƙara ƙiba mai jawo ciwon suga da hawan jini. Ƙarancin barci ma, irin na masunta masu kwana kan ruwa, yana ƙara girelin.